Kin Ajiye Man Rilaksa? To Ki Ajiye Wutar Ma

Uwargida, ɗan zame ɗankwalinki ki cusa yatsu cikin gashinki, can ƙasa kusa da fatar kai. Idan yau wata uku ko huɗu rabonki da man rilaksa, za ki ji wani abu mai kauri a cukurkuɗe ya taso daga tushe. Ki ja yatsun sama kaɗan, sai ki ji santsi, gashi siriri ya kwanta lakwas. Daidai inda mai kaurin nan ya haɗu da mai santsin, nan ne maganarmu take a yau. A wurin nan gashi yake karyewa, kuma a kansa ne mata da yawa suke karaya su koma gidan jiya.

Ni ina aji uku na ƙaramar sakandare yayata ta fara shafa mini man, ranar jajiberin sallah. Daga nan ban tsaya ba sai da na yi shekara goma sha bakwai ina yi. Ƙunar ƙeya da ɓawon ciwon da ke biyo baya duk na ɗauke su a matsayin kuɗin kwalliya. Abin da ya tsayar da ni 'yata ce. Tana da shekara biyar ta tsaya tana kallona ina taje kai, ta ce, "Mami, ni yaushe za a sa mini man da zai gyara mini gashina?" Gyara fa ta ce. Yarinyar da gashinta ya cika kai, baƙi wuluk, har ta riga ta yanke hukuncin cewa a lalace yake. Ba kowa ya koya mata ba sai ni.

Akwai kuma abin da na karanta ta fuskar aikina. A watan Oktoba na 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 da suka yi na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa a cikin matan da ba sa amfani da mayukan miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari za su iya kamuwa da ciwon dajin jikin mahaifa kafin su kai shekara 70, amma a cikin masu sawa fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05. Kada ki firgita. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai tabbatar da cewa man ne ya haddasa ciwon ba, kuma ko a cikin masu yawan sawar, mafi yawa ba su kamu ba. Ni dai ya ishe ni in ce a kai kasuwa.

Sai dai daina sa mai shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wata na biyar.

A watan nan ne bikin ƙanwar maigidana ya taso. Kaina ya zama biyu, ƙasa ya kumbura sama ya lanƙwame, ɗankwali ma ya ƙi zama. Na je wani salun, mai gyaran ta duba ta ce, "Hajiya, ai ba mai zan sa miki ba, ɗan bi kawai zan yi da sitireca ya kwanta." Na yarda. Ta wanke, ta busar sama-sama, ta ɗauko ƙarfen. Ina jin ƙarar "cuu" kamar an jefa albasa a mai, ina jin ƙauri, amma da na kalli madubi sai na manta da komai. Na sha kyau a bikin, ba ƙarya. Bayan sati biyu na wanke kai. Gashin gaban goshina da na yi wata biyar ina reno ya ƙi komawa yadda yake, ya tsaya a miƙe kamar tsintsiyar da ta tsufa. Sauran kuwa ya dinga kakkaryewa, guntu-guntu a kan matashi, a wuyan farar rigata ta aiki. An gudu ba a tsira ba.

Me ya faru a cikin silin gashin?

Gashi an gina shi ne da wani furotin mai suna keratin, kuma a cikinsa akwai wasu ƙulle-ƙulle masu ƙarfi da suke riƙe da lanƙwasarsa. Aikin rilaksa shi ne tsinke ƙullen nan. Mai ƙarfin cikinsu, sinadarin da ke ciki shi ne dai sodar nan da ake haɗa sabulu da ita. Wanda aka rubuta a kwalinsa cewa babu soda, da wanda aka manna wa hoton yara, da wanda ake ce miki wai laushi kawai yake sawa, duk aikinsu ɗaya, sinadarin ne ko ƙarfinsa ya bambanta. Ƙullen da ya tsinke ba ya komawa. Saboda haka babu wani mai, ko haɗi, ko jiƙo da zai mayar da gashin da ya sha rilaksa na asali. Duk wadda ta tallata miki irin wannan a WhatsApp kuɗinki take so. Hanya ɗaya ce: sabo ya fito, a datse tsohon.

Sabon kuma ba ya sauri. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 ne a wata, namu ma sau da yawa ba ya cika hakan. A shekara kenan ki samu santimita 10 zuwa 12, kuma da yake yana ƙanƙancewa idan ya bushe, a ido sai ki ga kamar rabin haka.

To ga sabo mai ƙarfi a ƙasa, ga tsoho mai rauni a sama, duk a sili ɗaya. Kamar ki ɗinka sabuwar atamfa a jikin tsohon yadin da ya sha wanki ne, da an ja a bakin ɗinkin zai yage. Yanzu ki kawo ƙarfen da zafinsa ke kaiwa digiri 230, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Idan akwai sauran danshi a gashin, ruwan da ke cikin silin tafasa yake yi, ya bar ƙananan kumfa a ciki, wurin ya zama fanko. Ƙarar da na ji a salun kenan. Ko babu danshi, zafi mai yawa yana lalata keratin ɗin kansa, shi ma kuma ba ya gyaruwa. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: don a daidaita sabon gashi da tsohon, dole a fi danna ƙarfen a tushe, wato a kan gashin da kike wahalar renonsa, kuma a bi ta kan mahaɗar nan mai rauni sau da yawa. Dirayan hannu mai zafi da matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta duk 'yan gida ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani ɓarna.

Ranar wankin kai

Yawancin gashin da za ki rasa a watannin nan, ranar tsifa da wanki za ki rasa shi. Don haka kada ki yi su a gurguje. Ni ranar da ba ni da aiki nake zaɓa, da safe, bayan yara sun tafi makaranta. Ranar da na sauko daga aikin dare ba na taɓa kaina, domin mai jin barci fizga take yi.

Da kin tsefe kitso, kada ki kai kanki ga ruwa tukuna. Kowace rana mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100, wannan ba ciwo ba ne. Kitson da ya yi sati biyu yana riƙe da sili 700 zuwa 1,400 da suka riga suka tsige suna maƙale a ciki. Idan ruwa ya same su a haka sai su dunƙule da sauran, a wayi gari sai almakashi. Ki shafa ɗan mai a hannu, ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki bi kowane kashi da yatsu ki zare mataccen gashin. Kashin da kika gama ki yi masa sakakkiyar kalaba ki wuce na gaba.

A cikin kalabar nan za ki wanke. Fatar kai ce take buƙatar shamfu, ki murza ta da tsokar yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi jelar. Kada ki tattara gashin a tsakiyar kai kina cuɗawa kamar kina wankin tsumma. Sau ɗaya a sati ko a sati biyu ya isa. Sabulun wanki da garin omo ba na kai ba ne. Sabulun salo ma, duk da farin jininsa, yana da kaifi, yana barin gashi a bushe. Idan shi kike so, ki narka kaɗan a ruwa mai yawa.

Sai tajewa, kuma a nan ne karkashi ya fi ƙarfin kayan kanti da yawa. Kakanninmu da shi suke wanke kai, matan Chadi har yau da shi suke yi, suna kiransa ambunu, yanzu har ƙasashen waje ake kai shi a leda mai tsada. Ki jiƙa cokali biyu ko uku na busasshen ganyen a ruwan ɗumi, ki bar shi minti goma sha biyar ya saki yauƙi, ki tace da rariya mai laushi ko tsohon ɗankwali, in ba haka ba ki kwana kina tsintar ganye a kai. Kanwa dai ki bar wa miya. Ita ma tana cikin dangin abubuwa masu kaifi irin na soda, tana buɗe bayan silin gashi ta bar shi da kaushi. Ki kwance kalaba ɗaya, ki jiƙa ta sharkaf da yauƙin ko da kwandishina, ki fara da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora. Daga jela za ki fara ki hau sama a hankali. Da kin iso mahaɗar sai ki riƙe gashin da ɗayan hannun ki rage ƙarfi. Idan mataji ya tsaya, ki cire shi ki warware da yatsa, kada ki ce sai kin nuna masa ke ce babba. Ƙaramin kum ɗin nan mai wutsiya na tsaga ne kawai.

Za a ce miki sai kin shiga dirayan salun sitimin zai kama. Ba dole ba ne. Ki shafa kwandishina mai kauri, ki rufe da hular leda, ki ɗaura ɗankwali a kai, ki ci gaba da aikinki na minti talatin. Ɗumin jikinki ya wadatar. Idan ruwan unguwarku na zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sama ko ruwan leda biyu, za ki ji bambanci a hannunki.

Busarwa ba tare da wuta ba

Tawul mai kaushi yana kama gashi. Ki samu tsohuwar rigar auduga mai laushi ki naɗe kan, ki matse, kada ki goga. Bayan minti goma ki cire. Tun da sauran danshi ki shafa abin da zai riƙe shi. A nan mata da yawa suke kuskure, suna laftawa busasshen gashi man kaɗanya suna mamakin yadda yake ƙyalli amma yana karyewa. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne yake jiƙawa, shi mai rufe ƙofa yake yi kada ruwan ya gudu. Saboda haka ruwa tukuna, sannan man kaɗanya ko na zaitun ko na kwakwa, ɗan kaɗan, a fi ba wa mahaɗar da jela. Da hunturu, lokacin da leɓe ma ke tsagewa, ki ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa ki riƙa yi duk bayan kwana biyu.

Abin da sitireca take yi miki na miƙarwa, zare zai yi. Kitson zaren nan da muka raina muna yara, muna kuka idan za a kai mu makaranta da shi, shi ne ya cece ni. Ki raba gashin gida takwas ko goma yana da ɗan danshi, ki naɗe kowane kashi da zaren ulu daga tushe zuwa jela. Kada ki matse tushen, ki bar wurin da ɗan yatsa zai iya motsa shi. Ki kwana da shi, ko ki bar shi kwana biyu. Idan kika warware za ki tarar sabon gashin ya miƙe ya yi laushi, ya kusa daidaita da tsohon, har ki iya kama shi da ribom. Wanda ya sha ruwa zai koma yadda yake, kuma haka ake so, alamar lafiyarsa kenan. Idan ba ki da zare, kalaba ko tufka shida zuwa takwas suna yin kusan haka, su kuma bar miki lanƙwasa iri ɗaya daga sama har ƙasa, ta yadda ba mai gane inda gashi biyun suka haɗu.

Sai matsalarmu mu masu rufe kai. Jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin hula da hijabi yana iya wuni bai bushe ba, ga zufa, ga zafi. Daga nan sai wari, sai ƙaiƙayi, amosani ya samu wurin zama. Shi ya sa na ce da safe. Ki zauna a ɗaki kai a buɗe, ƙarƙashin fanka idan akwai wuta, ko a inuwa inda iska ke kaɗawa. Manyan kalaba sun fi saurin bushewa a kan gashin da aka dunƙule wuri guda. Idan wanka ya kama ki a lokacin da ba ki shirya ba kuma dole ki fita, ki matse ruwan sosai da rigar nan, ki sa mayafi mara nauyi, da kin dawo ki buɗe. In ta kama dole sai diraya, akwai maɓallin iska mai sanyi a jikin yawancinsu, shi za ki danna.

Hular da kike sawa a ciki ma abin dubawa ce. Ta auduga tana shanye mai da danshi, mai roba a baki kuma tana cin gaban goshi. Ki nemi mai santsi irin satin, ki kwana da irinta. Ɗaurin ture-ka-ga-tsiya a bar shi sai ranar biki.

Maganar kitso

Kitso shi ne mafakarki a wannan lokaci, domin gashin da ba a taɓawa kullum ba ya karyewa kullum. Amma mai kitso tana iya rushe miki aikin wata shida a zama ɗaya. Ki je da kanki a taje, a miƙe da zare, kada ki ba ta dalilin ɗauko ƙaramin kum. Ki zaɓi manya ko matsakaita, shuku ko zane, ban da ƙananan nan masu kwana biyu ana yi. Ki ce ta bar 'yan gashin gaban goshi, ba sai ta kamo kowane sili ba. Idan kin tashi kina jin fatar goshinki ta ɗaure, ko kin kasa sunkuyawa, ko washegari kin ga ƙananan ƙuraje a bakin kitson, ki tsefe. Na san kuɗi kika biya. Amma na ga mata a wurin aiki da gaban kansu ya koma baya da faɗin yatsu uku saboda shekaru na kitso mai ja, kuma idan tushen gashi ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tsiro da shi. Kitso bai kamata ya sa ki shan farasitamol ba. Sati biyu ya yi, ki tsefe, ki huta kwana ɗaya ko biyu. Masu ƙara ulu ko gashin kanti su sani nauyinsa a kan mahaɗar nan yake sauka.

Game da garin cebe na Chadi da ake ta yayi: amfaninsa shi ne idan aka kwaɓa da mai aka shafa a jikin gashin aka kitse, yana rage karyewa, sai tsawo ya taru. Ba ya sa tushe ya yi sauri. A jikin gashi ake sa shi, ba a fatar kai ba. Lalle kuma yana ƙara wa gashi tauri, ni na ɗage shi sai da na gama datse tsohon.

Datsewar kuwa, duk wata ɗaya ko biyu ki cire kamar santimita 1 ko 2 daga jelar, da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka leda ko yadi da shi. Wasu sukan datse duka rana ɗaya su huta. Wannan ya fi sauƙi ga gashin, ya fi wuya ga zuciya, kuma gara maigida ya ji daga bakinki kafin ya gani da idonsa. Nawa da na gaya masa shirina cewa ya yi, "Wato shekara guda zan yi ina kallon kitson 'yan firamare?" Na ce masa wata goma sha huɗu ne ma. Haka kuwa aka yi.

Wane ne na gashi, wane ne na asibiti?

Ki ɗauki silin da ya faɗo ki duba. Idan dogo ne kuma akwai ɗan farin ɗigo a ƙarshensa, daga tushe ya fito, zubar gashi ce. Idan guntu ne babu ɗigon, karyewa ce, sai ki duba yadda kike tajewa da yadda kike ba shi danshi.

Mai jego ta lura da wannan sosai. Wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashi yakan zuba da yawa, har ki ji tsoro. Gashin da ya ƙi zuba lokacin ciki ne yake sauka gaba ɗaya, kuma yawanci yana daidaita kafin yaro ya shekara. Ba rashin rilaksa ne ya jawo ba, komawa gare shi kuma ba zai tsayar ba. Na faɗi haka ne domin a daidai nan ne ake samun mai cewa, "Kin gani ko? Da ma kanki ya saba da mai."

Amma idan zubar ta wuce wata shida, ga kasala, ga jiri, ga haki idan kin ɗan yi tafiya, ko jinin al'adarki yana da yawa, ki je a auna jininki. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi, kuma man kaɗanya ba ya maganin ko ɗaya. Idan tsakiyar kanki ce take raguwa tana faɗaɗa, musamman da zafi ko ƙaiƙayi ko tsami idan an taɓa, kada ki tsaya gwajin haɗe-haɗe, ki nemi likitan fata da wuri, domin akwai nau'in da ke barin tabo, kuma abin da aka cece shi ne wanda aka tarar da rai. Haka idan wuri ya cinye ya yi fili kamar kwabo. Yaro kuma mai makero maganin sha yake buƙata na makonni, na shafawa kaɗai ba ya kaiwa tushen gashi, kuma a raba masa mataji da hula da sauran yara.

Idan 'yarki ce aka riga aka sa wa mai, duk abin da na faɗa ya shafe ta, sai dai ita ba ta da haƙurinki. Ki raba aikin biyu, tsifa yau wanki gobe, ki ba ta abin da za ta riƙe a hannu. Tawa yanzu shekararta takwas. Ranar Asabar tare muke jiƙa karkashi, ita ce mai tacewa, kuma ita take riƙe mini ƙwallon ulu idan ina naɗe nawa.